Karanta Kuɗin Kaka Kafin Ka Sayar

Kafin ka ci gaba, sa hannu cikin aljihu ka fiddo dala ɗaya. Ke kuma kwance bakin zane. Na san dala ta yi wuyar gani yanzu. In babu ita, ƴar dala biyar ko ƴar dala ashirin ta isa. To, dube ta da kyau.

Akwai wani zane a jikinta, mai dogon baki da haƙora kamar zarto. Na sha tambayar mutane ko mene ne. Wani ya ce ƙadangare. Wani ya ce laya. Kifi ne na teku. Amma tarihinsa ya wuce na kifi. Mutanen Akan, na ƙasar Gana da Kodebuwa, suna ciniki da garin zinariya tun zamanin da. Suna auna ta da ƙananan ƙarafa na tagulla. Maƙeransu suna yi wa ƙarafan nan siffa iri iri: tsuntsu, kada, kujera, kifi. Ɗaya daga cikinsu ne bankinmu na BCEAO ya ɗauka ya zama tambarinsa. Ke nan kullum kana yawo da hoton ma'aunin zinariya cikin aljihu. Da shi kake sayen gishiri da ashana.

Ita dalar kanta ja ce kamar zinariya, amma ko ƙwayar zinariya babu cikinta. Jan ƙarfe ne aka gauraya. Riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ga abin da ya sa na ɗauko wannan magana. A ƙasarmu ta Dakwaro, gidaje da yawa suna da wani ƙunshi da kakanni suka bari. Yana ƙasan adaka, ko cikin kwalla, ko cikin tsohon zabira. Tsofaffin kuɗi ne da ba su ci a kasuwa yanzu. Idan rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, sai ka ga baƙi bisa babur suna bin ƙauyuka. Suna tambayar tsofaffin kaya: murjani, takobi, kuɗin da. Sun san lokacin zuwa. Mai jin yunwa ba ya ja-in-ja kan ciniki. Su sun san abin da suke saye. Mu ne sau da yawa ba mu san abin da muke sayarwa ba.

Wata shekara ina koyar da manya karatu a nan Bader Gula. Cikin ajin mata akwai wata dattijuwa. Ba ta fashi, ko ranar kasuwa. Wata rana bayan an tashi, sai ta tsaya. Ta kwance wani tsumma bisa tabarma. Ta ce: «Malam, wannan na uban maigidana ne. Da ƙafa ya tafi Makka, ya shekara bakwai kafin ya komo. Jiya wani ya taya su duka kuɗin ɗan rago. Na ga akwai lamba a jiki, na ce bari in kawo mu karanta.»

Na ce: «Inna, ai ke za ki karanta, ni in saurara.»

Cikin tsumman akwai manyan farare guda huɗu, da kwabbai masu huji, da wani ƙarami ja guda ɗaya. Ta ɗauki babban fari, ta kai shi bakin ƙofa wurin haske. Ta karanta a hankali: 1, 7, 8, 0. Ta ɗauki jan, ta matse ido. Ta ce: 1, 9, 1, 2. Sai ta dube ni ta ce: «To wannan fari shi ne babba, kuma shi ne tsoho. Shi ya fi kuɗi ke nan?»

A'a. Ƙaramin nan ja ya fi sauran duka in an haɗa su, nesa ba kusa ba. Bari in ba ka labarinsu ɗaya bayan ɗaya, yadda na ba ta.

Babban farin nan shi ne liyari. Azurfa ce. Gefe ɗaya akwai wata mace mai jiki, da lulluɓi bisa kai. Ɗaya gefen akwai mikiya mai kai biyu. Matar sunanta Mariya Tereza. Ta yi sarautar ƙasar Ostiriya, cikin Turai, shekara 40. Ta haifi ƴaƴa 16. Ta rasu cikin 1780. Lulluɓin nan na takaba ne, don mijinta ya riga ta rasuwa. A ƙasarsu ana ce wa irin wannan kuɗi «tala». Daga nan sunan dalar Amurka ya fito, daga nan kuma tamu dalar ta samo suna.

Fatake ne suka kawo liyari daga Tarabulus, bisa raƙuma, har Agadas da Damagaram da Kano. Kafin nan, da wuri ake ciniki. Shi kansa wuri baƙo ne, daga tsibiran tekun Indiya yake zuwa. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ta Tasawa ya shiga Kano cikin 1851. Ya rubuta cewa a lokacin ana canza babbar azurfa ɗaya da wuri 2.500. Keso ɗaya wuri 20.000 ne. Yi lissafi da kanka: liyari 8 sun tashi keso guda. Abin da jaki zai ɗauka yana nishi, ga shi ya shiga tafin hannu. Yaya fatake ba za su so shi ba?

Sun so shi har suka ƙi yarda da wani. In an canza zane ko shekara, sai su ce jabu ne. Suna ƙirga ƴan ɗige-ɗigen da ke bisa kafaɗar matar kafin su karɓa. Da Turawa suka ga haka, sai suka bar shi yadda yake. Sarauniya ta rasu, amma aka ci gaba da buga kanta, da shekarar nan ta 1780. An buga a Biyana, an buga a Landan, da Faris, da Roma, har da Bambai ta Indiya. Fiye da miliyan 300 aka buga. Har yau ana buga shi a Ostiriya. Saboda haka, in ka ga 1780 bisa liyari, kada ka ce lalle ya shekara ɗari biyu da wani abu. Wataƙila kakanka ya girme shi. Abin da ke da tabbas shi ne nauyinsa: giram 28. Cikin kashi 6, kashi 5 azurfa ne tsantsa. Kuɗinsa ke nan, kuɗin azurfa.

Kwabbai masu huji kuwa na Ingilishi ne, daga Najeriya suka shigo. Sun fara buga su cikin 1907. Za ka ga tauraro mai tsini shida, wasu har da rubutun Larabci. An huda su don a zura a igiya. Suna da daɗin kallo, yara su san abin da ake nufi in an ce kwabo ko anini. Amma an buga su da yawa ƙwarai, ba su da wani kuɗi.

Yanzu mu zo ga zinariya. A nan zan ɗan daɗe.

Ka sha jin malamai suna cewa mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari. Ka ji suna cewa zakkar zinariya tana wajaba in ta kai dinari 20. To mene ne dinarin? Kuɗi ne na zinariya, ɗan ƙarami, nauyinsa miskali ɗaya, wato giram 4 da kwata. Dinari 20 giram 85 ke nan. Farkon Musulunci, da dinarin Rumawa ake ciniki, mai hoton sarkinsu da gicciye. Cikin shekara ta 77 bayan hijira, wajen 697 na Turawa, halifa Abdulmalik ɗan Marwana ya buga sabon dinari. Ya cire hoto gaba ɗaya. Rubutu kawai ya bari: kalmar shahada, da ayoyi, da shekarar da aka buga. Wanda ya iya karatu, dinarin da kansa yake gaya masa shekarunsa. Sarakunan Musulmi suka bi wannan tsari ɗaruruwan shekaru.

Zinariyar da aka buga dinari masu yawa da ita, daga ƙasashenmu na baƙar fata ta fita. Ana haƙo ta a ƙasar Mali da Gine da Gana ta yanzu. Raƙuma su ƙetare Sahara da ita, a buga ta a Maroko da Masar. Akwai wani tsohon birni, Tadmakka, arewa da Kidal cikin ƙasar Mali. Yanzu kufai ne, ana ce masa Essuk. Wani malamin Andalus, Al-Bakri, ya rubuta cikin 1068 cewa mutanen birnin suna da dinari na zinariya tsantsa, marar rubutu ko zane. Ya kira su masu sanƙo. An daɗe ana shakkar maganar. Sai cikin 2005 masu binciken tarihi suka yi tono a wurin. Suka sami ƴan kaskon yumɓu masu ƙananan ramuka, inda ake zuba narkakkiyar zinariya. Har ɗigonta suka gani manne cikin yumɓun. Ashe a nan maƙwabtanmu, an ƙera kuɗin zinariya shekara dubu da suka wuce.

Daga baya Turawa suka biyo ta teku. Cikin 1663 Ingilishi suka fara buga wani kuɗin zinariya, suka sa masa suna «gini», don daga gaɓar Gine zinariyar ta zo. Wasu har da ƴar giwa ƙarƙashin kan sarki, alamar daga Afirka take.

Shi jan nan na dattijuwa, fam ne na Ingila. Mahajjatan da suna son shi, don ba ya ruɓewa, ba ya cin wuri, kuma ana karɓarsa daga Sudan har Jidda. An fara buga irinsa cikin 1817. A bayansa akwai barde bisa doki. Dokin ya yi tsaye da ƙafafun baya. Barden yana riƙe da gajeren takobi, ƙarƙashinsa ga wani dodo mai fiffike an tattake shi. Wani maƙeri ɗan Italiya, Benedetto Pistrucci, shi ya yi zanen. Ya fi shekara 200, kuma har yanzu ana buga fam da dokin nan. Ni dai ban taɓa ganin doki mai kyan wannan bisa ƙarfe ba. Duk wanda ya taɓa ganin hawan salla a Maraɗi zai gane maƙerin ya san doki.

Wani abin mamaki: ba a rubuta ko nawa ne a jikin fam. Nauyinsa shi ne shaidarsa. Giram 8 ne, saura kaɗan. Cikin kashi 12, kashi 11 zinariya ce, kashi 1 jan ƙarfe don ya yi ƙwari. Shi ne maƙera suke ce wa karat 22.

A gabansa akwai kan mai sarauta. Ko ba ka iya Turanci ba, kana iya gane su. In ka ga mace tana duban hagu, Sarauniya Biktoriya ce, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Ta daɗe har aka yi mata kai uku: tana budurwa da ɗaurin gashi, tana dattijuwa da ƙaramin kambi, tana tsohuwa da lulluɓi. In ka ga mai gemu da sanƙo yana duban dama, ɗanta ne Edward na 7. Mai gemu da ke duban hagu, jikanta ne George na 5. Shi ne ke bisa na dattijuwar nan, mai 1912. Al'adarsu ce: in sarki ya dubi dama, magajinsa sai ya dubi hagu. In kuma macen dama take duba, Elizabet ta 2 ce, ta zamaninmu.

Duba ƙarƙashin kofaton doki, sama da shekara. A yawancinsu, in akwai ɗan harafi a wurin, yana faɗin garin da aka buga. S, M, ko P, garuruwan Ostireliya ne. C Kanada ce. I Indiya ce. SA Afirka ta Kudu. In babu harafi, a Birtaniya aka buga shi. Ɗan harafin nan bai kai ƙwayar gero ba. Amma wani lokaci shi ke raba fam na kowa da fam mai wuyar samu.

Mu da Faransa ta mallaka, akwai kuma nata. Tamma 20 ce ta zinariya. Wani tsohon soja ko tsohon ɗan kasuwa yakan bar wa iyalinsa ita. An fara buga ta cikin 1803, zamanin Napoleyon. Ta ɗan fi fam ƙanƙanta, giram 6 da rabi, saura kaɗan. Kashi 9 cikin 10 zinariya ce. Wadda aka fi gani ita ce mai zakara, ta 1899 zuwa 1914. Gefe ɗaya mace, gefe ɗaya zakara ya buɗe ƙirji. Ita ma tana da irin halin liyari. Bayan yaƙin duniya na biyu an sake buga miliyoyi, aka sa musu tsofaffin shekaru. Zinariyarsu ta gaskiya ce, shekarar ce ba ta gaskiya ba. Ka lura da lambar nan 20. Tamma 20 a wurinmu dala huɗu ce, ko ƙosai ba ta cika saye ba. Mai wayo yana iya nuna maka lambar ya ce: «Ka gani da idonka, dala huɗu ce, amma zan ba ka jika biyar don mutunci.» Karatun lamba kaɗai bai isa ba, sai ka san wane ƙarfe aka rubuta ta a kai.

Ƙasarmu Nijar ma tana da nata kuɗin zinariya. An buga wasu masu shekarar 1960, shekarar ƴancin kai, da kan shugaba Diori Hamani. Ba a buga su don kasuwa ba. Don tunawa aka yi su, da kuma don masu tara kuɗi.

Su wane ne masu tara kuɗin nan? Mutane ne a manyan biranen duniya, har da ƙasashen Larabawa. Suna sayen tsofaffin kuɗi ba don su kashe ba. Suna jera su cikin akwati, kowane da ɗakinsa, da takardarsa. Suna da littattafai masu faɗin yawan da aka buga kowace shekara, a kowane gari. Kada ka yi musu dariya. Je kasuwar Sakabal ka ga yadda Bafillace yake duban saniya. Ba nama kawai yake dubawa ba. Yana duban ƙaho da launi, yana tambayar uwarta da kakarta. Rago biyu nauyinsu ɗaya, amma ran jajibirin layya wani ya ninka wani kuɗi saboda kyau. Haka su ma. Suna duban ko irin wannan kuɗi kaɗan ya rage a duniya. Suna duban ko zanensa bai goge ba. Suna son su san hannun da ya biyo.

Ga misali. Cikin 2011, a Landan, an yi gwanjon wani dinari na shekara ta 105 bayan hijira. An rubuta a jikinsa cewa zinariyarsa daga ma'adinin Sarkin Musulmi na Hijaz ta fito. Irinsa ƴan kaɗan ne suka rage. An saye shi fam miliyan 3 da dubu 720 na kuɗin Ingila. Da kuɗinmu ya haura tamma miliyan dubu 2. Alhali nauyinsa da kaɗan ya fi na ƴar dala biyu. Ba zinariyar aka saya ba, layin rubutun nan aka saya.

Amma kada wannan labari ya hana ka barci. Ban faɗe shi don ka fara tona ɗakin kaka ba. Irin wannan dinari, da wuya ka same shi a Tarka. Kusan duk fam da tamma 20 da ke hannun mutanenmu na kowa ne, an buga su miliyoyi. Kuɗinsu kuɗin nauyin zinariyarsu ne. Sai dai shi ma ba ƙarami ba ne. A kasuwar duniya ana auna zinariya da wani awo mai giram 31. Cikin 2001 awon nan bai kai dalar Amurka 300 ba. Cikin Oktoba 2025 ya haura 4.000. Wannan tsada ce ta kwashi samarinmu zuwa Jado tun 2014. Ita ce ta kai su ramukan Ɗan Isa, nan cikin jiharmu, inda ƙasa ta rufta cikin Nuwamba 2021, mutum 18 ko fiye suka rasu. Allah ya jiƙansu. Yaro yakan yi wata da watanni cikin rami bai tara giram 7 ba. Ga giram 7 kwance cikin tsumma a ɗakin uwarsa, ana shirin ba da su kuɗin ɗan rago. Wannan shi ke ci mini rai.

Cuta kuwa ta kowane gefe take zuwa. Akwai mai saye da arha. Akwai kuma mai kawo maka jabu. Zai ja ka gefe, ya ce ya tsinci tukunya cikin gona, yana tsoron hukuma, ka ba shi ko nawa ne. Tagulla ce aka shafa wa ruwan zinariya. Har cikin kayan da ake sayowa a hajji akwai masu kama da fam, da doki da kome, waɗanda maƙeran can suka kwaikwaya. Wasu zinariya ce amma ba ta kai karat 22 ba. Wasu wanki ne kawai.

To yaya za ka gane, kai da ba ka da ma'aunin maƙeri? Mayen ƙarfe ba ya kama zinariya. In ya kama, magana ta ƙare. Amma in bai kama ba, kada ka yi murna tukuna, don tagulla ma ba ya kama ta. Abin da ke tona asirin jabu shi ne nauyi. Zinariya ta ninka tagulla nauyi har da ɗori. Ma'aunin kuwa yana cikin aljihunka. Dala ɗaya giram 3 ce. Ƴar dala biyu giram 4. Ƴar dala biyar giram 8. Nemi kara madaidaici, ka ɗaura zare a tsakiyarsa. Ka rataya murfin kwalba biyu iri ɗaya, ɗaya kowane gefe. Ka tabbata sun daidaita tun babu kome ciki. Fam na gaskiya bai kai ƴar dala biyu faɗi ba, kuma siriri ne. Amma bisa ma'auni zai yi daidai da ƴar dala biyar, wadda ta fi shi girma ƙwarai. Tamma 20 ta Faransa za ta rinjayi dala ɗai-ɗai guda biyu, amma ba za ta rinjayi dala da ƴar dala biyu ba. Liyari kuwa sai ka nemi murfi babba. Zai yi daidai da ƴar dala biyar guda uku da ƴar dala biyu guda ɗaya. Zaɓi kuɗin da ba su goge ba. Wannan awo ba ya maye gurbin maƙeri. Amma yana hana a raina maka hankali tun daga ƙofar gida.

Haka muka yi da dattijuwar nan, da karan dawa da zaren saƙa. Da ta ga ƙaramin ya tsaya daidai da babbar ƴar dala biyar, sai ta riƙe baki. Ta ce: «Ikon Allah! Ɗan mitsitsin nan?» Ba ta sayar wa mai babur ba. Ta tura ɗanta Maraɗi tare da ƙanenta. Ta ce kada su sayar a shagon farko. Suka shiga shago uku, kowane ya auna gabansu, ya faɗi kuɗin giram, yaron yana rubutawa. Abin da suka komo da shi ya sayi hatsin da ya kai gidan har kaka, da tunkiya biyu. Liyarin huɗu ta ajiye, ta ce na jikokinta mata ne.

Wani zai ce bai kamata a sayar da kayan kakanni ba sam. Ni ban ce haka ba. Tsohon da ya ɗauro fam a ƙugunsa tun daga Makka, don irin wannan rana ya ɗauro shi. Waɗanda suka ga yunwar 1973 da ta El Buhari cikin 1984 sun san abin da nake faɗi. Mata nawa suka fid da awarwaro da zobe don tiya biyu ta hatsi? Ba mai zarginsu. Abin da nake ƙi shi ne a sayar cikin duhu.

Ban kuma ga laifin maƙera ba. Liyari nawa suka narke suka zama zobe da munduwa da sarƙar Agadas? Da su aka yi wa iyayenmu ado. Sai dai ka sani, wuta ba ta mayar da abin da ta ci. In an narka, shekara ta tafi, doki ya tafi, ɗan harafin nan ya tafi. Ƙarfe kawai ya rage. Huji ma haka, da maƙala masa kunne don a rataya a wuya. Mai tara kuɗi ba ya ba da kome sama da nauyi in ya ga huji. In an riga an huda tun zamanin kaka, shi ke nan, a ci gaba da ado. Wanda ba a huda ba, a bar shi yadda yake har wanda ya sani ya gani.

Ke kuma ƴar'uwa, na san hannunki ba ya ƙyale abu mai dauɗa. Kada ki goge tsohon kuɗi da toka, ko rairayi, ko lemun tsami, yadda kike yi wa kwano. Gugar tana cin zane. Baƙin da azurfa take yi ba aibi ba ne wurin masu saye, shaidar tsufa ce. Kunsa kowane dabam cikin tsumma mai laushi, kada su riƙa gogar juna.

Abin da aka tono daga ƙasa, a kufai ko tsohuwar maƙabarta, wannan hukuncinsa dabam ne. Tun 1997 Nijar tana da doka mai kare kayan tarihi. A sanar da maigari da hukuma. Wurinsa gidan tarihi, irin na Bubu Hama da ke Yamai, inda ƴaƴan kowa za su gani.

Saura abu ɗaya. Ƙunshin nan yakan haddasa faɗa ranar rabon gado. Wani ya ce biyar ne, wani ya ce bakwai ne, wadda ta san adadin tana cikin kabari. Tun da ka iya rubutu, ɗauki littafinka. Rubuta ko guda nawa ne, da shekarar kowane, da abin da aka zana, da nauyinsa. Tambayi tsofaffi wa ya kawo shi, daga ina, ka rubuta tun suna da rai. Sa'an nan ka ɗora farar takarda bisa kuɗin, ka danne da yatsa kada ta motsa. Ka goga fensir a kwance, a hankali. Za ka ga kan sarki yana fitowa, da doki, da shekara. Yi wa gaba, ka yi wa baya. Takardar nan ita za ka fara kai wa maƙeri ko wani masani a Dakwaro ko Maraɗi, kuɗin kuwa yana gida. In fensirin ya yi tsini da yawa yana huda takarda, dasashe shi bisa dutse tukuna.